Ta Ina Ake Yaji a Tsibiri?

Tun daga Madawa har Urno Sha'ibu yake magana shi kaɗai bisa moto. Ya jera hujjojinsa, ya rushe, ya sake jerawa. Duk ramin da taya ta faɗa sai hujja ɗaya ta zube, dole ya koma farko.

Mutum ne da ya doshi arba'in, makanikin injin ban-ruwa. Duk masu garkar albasa na fadamar Madawa sun san shi. Inji in ya ƙi tashi, Sha'ibu ya san inda zai taɓa. Tsohuwa in ta ƙi, nan iliminsa ya ƙare.

Tsohuwar kuwa ita ce Goggo Takawa, ƙanwar mahaifin Furera, wadda ta riƙe ta tun rasuwar iyayenta. Furera bazawara ce mai ɗinki, kuma ita ce ta hana Sha'ibu barci shekara biyu ke nan.

Da a ce zama zai yi, da tuni an sha biki. To amma tun da pano, faifan nan mai jan ruwa da hasken rana, ya shigo garake, injinan mai sai raguwa suke, aikinsa na bin su. Ana nan sai wansa Alhusaini, wanda ya daɗe a birnin Malabo, can kan tsibiri, yana da wurin gyaran gurup, wato janareto, ya samo masa takardu. Ya ce ya taho kafin azumi, in ba haka ba ya ba wani gurbin.

Sha'ibu ya ce ba ya tafiya sai da Furera.

Furera ta ce ba ta da ta cewa sai abin da Goggo ta ce.

Goggo ta ce ya zo ta ji da bakinsa.

Ya jingine moto a ƙofar gida bayan la'asar, ya gyara hula, ya ciro ƙullin goro daga aljihu. Da ya yi sallama ya shiga, idonsa ya fara sauka a kan wurin zaman tsohuwar. Goggo na zaune ƙarƙashin itacen bedi bisa sabuwar kujerar roba, shuɗiya, ko ledar ƙafafunta ba a gama ɓarewa ba. Duk Urno an san mai rabon irin waɗannan kujeru: Alhaji Mubarak, dillalin albasa mai kamyo, babbar motar kaya, wanda shi ma yake neman Furera tun damina.

Wato abokin hamayyarsa ya riga shi zama a gidan, shi kuwa tabarma aka nuna masa.

Ya durƙusa ya gaida ta, ya ajiye goron gabanta. Ta dubi goron ta kau da kai. Daga cikin ɗaki ƙarar keken ɗinki ta tsaya cak.

"To, Makaniki," in ji Goggo. "An ce za ka kai mini ɗiya tsakiyar ruwa. Hwaɗi in ji."

Ya yi gyaran murya. Ya fara da hujjar da ya tabbata ba manomin da zai ji ta bai girgiza ba.

"Goggo, can ruwan sama har ba a son shi. Nan muna hita roƙon ruwa, can rana su ka nema. Dubi ki gani."

Ya miƙa mata salula, wayarsa ta hannu, da hoton garin a kai. Ta riƙe ta nesa da fuska kamar mai duba ƙwai a rana. Ga dutse kore shar, ga ayaba, ga kwakwa, ga ruwa na zuba daga indararo kamar an ɓalle tabki.

Ta daɗe tana kallo. Zuciyar Sha'ibu ta fara sanyi.

"Ina hatsin?" ta ce.

"Ba su noma hatsi, Goggo."

"Dawa fa?"

"Ita ma... a'a."

"To mi ruwan ka yi musu?"

"Akwai rogo. Akwai ayaba iri-iri, har wadda a ka dahwawa."

"Ruwan da bai hidda hatsi ba ai jiƙa mutane kawai shi ka yi." Ta miƙo masa salular. "Ci gaba."

Ya share zufa. Ya ce akwai kifi ɗanye kullum. Ta ce ita ɗiyarta da hura ta girma. Ya ce akwai kuran, wato wutar lantarki, dare da rana, ba ya yankewa.

"Ba ya yankewa?"

"Ko kaɗan."

"To kai gurup ɗin wa za ka gyara?"

Daga cikin ɗaki aka ji wani ɗan sauti, ko dariya ce aka danne ko kuka, bai iya rarrabewa ba. Mu maza haka muke, in muna neman aure mukan gina katanga mu manta mun tsaya a inda za ta faɗo.

Ya yi sauri ya ce ba za su biya haya ba, gidan Yaya Alhusaini babba ne, an ware musu ɗaki a ciki. Sai ya ga lokaci ya yi da zai fito da babbar hujjarsa, wadda ya ɓoye tun daga Madawa kamar kuɗin gaggawa a ƙasan hula.

"Goggo, kin san halin da a ke ciki wajen iyaka. Mutum ba ya kwana da ido biyu rufe. Can babu wannan. Ba ɓarawon shanu, ba mai bindiga bisa moto. Teku ta kewaye garin gabas da yamma, kudu da arewa. Ba mai shiga sai ta jirgi."

"Ba mai shiga."

"Ko mutum guda."

"Ba mai hita ke nan."

Sha'ibu ya gyara hula.

Goggo ta gyara zama bisa kujerar Alhaji, kujerar ta yi ƙara. Ta sassauta murya, abin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Ɗana, tambaya guda za ni yi maka. Garin nan naka, ta ina a ka yaji?"

"Yaji, Goggo?"

"Yaji. In miji ya ɓata wa mace ta ɗauki mayahinta ta tahi gidansu, ta huce, shi biyo ta da goro shi ba da haƙuri gaban manya. Ko can ba a ɓata wa mata?"

Wallahi duk dogon tunanin da ya yi bisa moto bai taɓa biyowa ta nan ba. Ya yi tunanin biza, ya yi tunanin sauro, ya yi tunanin harshen da ba su ji. Wane mai neman aure ne zai zauna yana shirya wa amaryarsa hanyar gudu?

"Goggo, ni ban taɓa ɗaga wa mace hannu ba."

"Wancan mijin nata na fari ma ran da yaz zo nan da goro, hannunshi ƙasa yake."

Ta juya ta nuna bakin zaure da haɓa.

"Ta nan tash shigo mini. Daga ƙauyensu wajen Tabotaki tat taso da ƙahwa, ba takalmi, sai da rana ta take wani mai amalanke ya tausaya mata. Ni na gasa ƙahwahun nan da ruwan zahi. Ni na cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sunka zo biko na kore su. Da teku ce tsakaninmu, da wa za shi ɗauko ta? Kihi?"

Yanzu kam kuka ne ake yi a ɗaki, ba shakka.

"Ban ce kai mugu ba ne," Goggo ta ci gaba. "Amma namijin da ya san matarshi na da hanyar gida, shi ka tauna magana kamin shi hurta. Wanda ya san ba ta da inda za ta, ko malami ne sai ya sakankance. Gidan Alhaji Mubarak ga shi can bayan masallaci. In ta yi atishawa ni ka yi mata addu'a."

Sha'ibu ya ji ƙasa na zamewa ƙarƙashin tabarma. Mai nutsewa ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ya tuna da Hamdiya, matar Alhusaini, ƴar Keita, abokiyar wasansa, wadda duk ran da suka yi waya dariya take yi har ta ƙware.

"Bari in kira miki matar Yaya ki ji daga bakin mace."

"Kira ta."

Ya kira ta wasap. Hoto ya yi rawa, ya tsaya. Ga Hamdiya ta yi ƙiba ta yi haske, tana tsinke ganye a bakin madafa.

"A'a! Ƙaramin mijina! Yau an tuna da tsohuwar mata? Ko amaryar ta ƙi ka ne ka dawo mini?"

"Ga Goggon Furera za ku gaisa."

Nan take ta ja ɗankwali ta rusuna, kamar Goggo na gabanta. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya, aka tambayi yara, aka tambayi damina. Sannan Hamdiya ta kama aikin da aka kira ta dominsa.

"Goggo, ki bar ta ta zo. Wallahi ba a wahalar ruwa, pampo na cikin gida. Ba surfe, ba daka, ba zuwa itace. Dubi hannuna. Illa dai wanki ba ya bushewa, takalmi in ka aje shi sai ya yi gashi, kilishin da anka aiko mini bara kore yak koma. Hura kuma sai dai a mafarki. Amma ana sabawa."

Sha'ibu ya dinga gyaɗa kai kamar ƙadangare. Goggo ta jawo salular kusa da fuskarta.

"Ɗiyata, ke da maigidanki kuna saɓawa?"

Hamdiya ta yi dariya. "Kai Goggo, wa ya rabu da wannan?"

"In ya ɓata miki, ina ki ka zuwa?"

Dariyar ta ɗan ci gaba ita kaɗai, kamar inji da aka kashe yana ƙarasa juyi. Sannan ta mutu. Hamdiya ta dubi ganyen da ke hannunta.

"Bakin teku ni ka zuwa."

"Wa ke can?"

"Ba kowa. Akwai wani dakali. In zamna in dubi wajen da anka ce mini nan ne gida. In na ga rana ta yi ƙasa sai in taso in ɗora tukunya." Ta sa bayan hannu ta goge ido. "Bai ma san na hita ba, Goggo. Yajin da miji bai san an yi ba, ai ba yaji ba ne. Ran da Innata ta rasu ma can na tahi na yi kukana."

Sai aka ji muryar namiji daga nesa cikin salular, mai kauri: "Ke da wa ki ka magana? Mi ki ka hwaɗa musu?"

Hoton ya ɗauke.

Akuya ta zo ta sunsuni ƙullin goron, Goggo ta kore ta da ƙafa. Ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Za ni ba dabbobi dussa," ta ce, ta yi bayan gida.

Sha'ibu ya zauna da salula a hannu. Shi ya nemo shaida, shi ya biya kuɗin kiran, shaidar ta zo ta kashe shi. Ko a gaban alƙali ba a cika samun irin wannan gwaninta ba.

Labule ya ɗaga. Furera ta fito, tef ɗin awo rataye a wuyanta, idanunta jajur. Ta zauna can bakin tabarma ta ba shi gefe.

"Malam Sha'ibu, ka ji da kunnenka."

"Na ji."

"Ka san da haka?"

"Wallahi ban sani ba. Kullum dariya ta ka yi."

"Ni ma dariya ni ka yi a Tabotaki in baƙi sun zo."

Hawaye suka sake zubo mata. Ta bar su, ba ta share ba.

"Tun ran da kac ce Malabo ban yi barcin kirki ba. In na rufe ido sai in gan ni ina tahiya, ina tahiya, ƙasa ta ƙare. Ni ruwan da na sani shi ne na gulbi in damina ta yi, kwana biyu ya janye a wuce. Wanga kuwa ba ya janyewa."

"To in bari. In ce ma Yaya ya ba wani."

"Ka zamna ka ci mi? Pano za ka gyara da supana? Bayan shekara guda ka fara dubana kana cewa don ke na rasa. Na san wannan kallon, na taɓa zama ƙarƙashinsa."

"To ki ce in tahi ni kaɗai, ke ki..." Ya dubi shuɗiyar kujera, ya kasa ƙarasawa.

"Kada ka soma." Muryarta ta yi rawa. "Da kujera ni ka so da tuni na zamna. Mutumin nan in ya zo zance farashin buhu shi ka ba ni labari. Kai ni ka so, ka sani, Goggo ta sani, har awakin gidan ga sun sani. Amma so bai cire mini ƙaya daga ƙahwa ba. Hanyar gida ta cire."

Ya sunkuyar da kai. Shi da ya zo da hujjoji cike da aljihu, ga shi ko na sayen ruwa bai rage ba.

Can ta ja tef ɗin daga wuyanta tana naɗe shi a yatsa. Ta daɗe tana naɗewa.

"Baiwar Allahn nan," ta ce a hankali. "Mai zama bisa dakali."

"Hamdiya?"

"Shekara nawa tana can ba ta da ƙohwar da za ta ƙwanƙwasa." Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Kac ce an ware muna ɗaki gidan Yaya."

"Babba ma. Da taga biyu."

"Ba ni so."

"Furera, haya can..."

"Ba ni so. In za ni, gida biyu za a yi. Namu daban, nasu daban, da tahiya tsakani. In ka ɓata mini in ɗauki mayahina in tahi wurin Hamdiya, ka kwana da yunwa, ka zo biko da goro kamar kowane namiji. In Yaya ya ɓata mata ta taho wurina. Ita ce gidanmu, ni ce gidansu."

Sha'ibu ya ji wani haske ya buɗe masa. Har ya fara murmushi.

"In wannan ne ai..."

"Ba ta ƙare ba."

Goggo ce, tsaye bayansu da ƙwaryar dussa. Ashe dabbobin ba su yi nisa ba.

"Gidan yaji ba ɗaki ba ne, Makaniki. Ƙohwa ce da mai tsaron ta. Ran da matar wanka ta gudo gidanka, ya biyo ta yana huci, wa za shi tsaya bakin zaure shi ce mishi dakata, ba ka shiga sai ka huce? Nan ni ce na tsaya. Can sai kai."

Murmushin ya bushe a fuskarsa.

Alhusaini ne ya goya shi. Alhusaini ne ya kai shi garaji ya koyi aiki, shi ya yi masa auren fari, shi ya tsaya a kan jana'izar matar. Tun da Sha'ibu ya yi wayo bai taɓa ce wa wansa a'a ba, ko a kan gishirin miya. Ga shi kuma yanzu shi ne mai takardun, shi ne mai wurin aikin, shi ne mai kuɗin jirgi.

Goggo ta koma bisa kujera. Ta sunkuya, karo na farko, ta kwance ƙullin goron. Ta zaɓi fari guda, ta goge shi a zane, ta ɓare shi biyu. Ta riƙe ɓari ɗaya daf da bakinta, ba ta ciza ba.

Daga waje aka ji mota ta tsaya, aka danna oda sau biyu, irin ta mai kuɗin da bai saba jira ba.

"Alhaji ne," in ji Goggo. "Ya ce za shi biyo kamin magariba."

Kamar an haɗa baki, salular ta kama ruri a hannun Sha'ibu. Ya duba. Yaya Alhusaini.

Furera ta dafe ƙirji. Sha'ibu ya yunƙura zai tashi.

"Bari in hita waje in..."

"Nan za ka ɗauka," Goggo ta ce. "Ka buɗe muryar mu ji."

Ya danna. Muryar Alhusaini ta cika tsakar gidan tun kafin sallama.

"Kai Sha'ibu! Wa ya ba ka izinin sa matata kuka gaban baƙi? Wace irin tambaya ce anka yi mata? Ina nan ina wahala in hidda kai daga talauci, kai kana..."

"Yaya."

Muryar ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. Ya dubi ƙafafun Furera da ke bisa tabarma, ya sake cewa, wannan karon da ɗan nauyi:

"Yaya, dakata. Ba ka shiga maganar ga sai ka huce."



"Mi kac ce?"

"Na ce ka dakata. Kuma ɗakin nan na gidanka, na gode, ba mu zama ciki. Ka nemo mini haya wata unguwa. Mai zaure."

A waje Alhaji ya sake danna oda. A cikin salula ba a jin komai sai numfashin Alhusaini da ruwan sama na dukan kwano.

Goggo ta ciji goron, ƙas.